Daga Gafaka Zuwa Manhaja: Darasin Birnin Zariya Kan Tallafin Hukuma ga Buɗaɗɗen Ilimi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa samun izinin kwance tsohuwar gafaka a ɗaya daga cikin zaurukan malamai na cikin birnin Zariya, a Unguwar Juma ko Kona ko Kakaki, zai ga abin da ba ya gani a littafin ɗab'i. A tsakiyar warƙa ga matanin littafin da manyan baƙaƙe, an bar tazara mai yalwa tsakanin layi da layi. A cikin tazarar da gefunan warƙar kuwa ƙananan rubuce-rubuce ne birjik, wani da baƙar tawada, wani da ja, wani da Larabci, wani da ajamin Hausa ko na Fulatanci. Hannuwa da dama ne suka yi su, cikin shekaru masu yawa. Wani ya fassara kalma mai tsauri, wani ya gyara kuskuren wanda ya kwafa, wani ya kawo maganar wani littafin domin ƙarin haske. Babu ɗayansu da ya nemi izinin mawallafi, domin kowa ya san don haka aka bar tazarar.

A zamaninmu akwai wani nau'in manhajar kwamfuta da ake ginawa bisa irin wannan tsari, wato buɗaɗɗiyar manhaja, kuma muhawara ta yi nisa a ƙasashe da dama kan ko ya dace gwamnati ta yi mata doka, ta kuma kashe mata kuɗin jama'a. Wasu na ganin abin da ake samu kyauta ba ya bukatar tallafi. Wasu kuma na ganin hukuma ba ta sa hannu a abu ya ƙare lafiya. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar tarihin Zariya, garin da ya ga zamani uku na yaɗa ilimi: zamanin alƙalami da gafaka, zamanin injin ɗab'i na Kamfanin Gaskiya, da zamanin kwamfuta. A kowane ɗayansu tambayoyi uku ne suka yi ta dawowa: wa ke da ikon kwafa, wa ke da ikon gyarawa, wa kuma ke ciyar da masu aikin. Matsayina shi ne ya kamata gwamnati ta yi dokar, ta kuma ba da kuɗin, amma bisa sharuɗɗan da kurakuran baya suka koya mana.

Mece Ce Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Kowace manhaja tana farawa ne da jerin umarni da mai tsara ta yake rubutawa, wanda za mu kira matanin manhaja. Daga baya ake juya matanin zuwa siffar da na'ura kaɗai ke iya karantawa. Yawancin kamfanoni siffa ta biyun suke sayarwa, su ɓoye matanin. Mai saye yana iya aiki da manhajar, amma ba ya iya ganin cikinta, balle ya gyara ta ko ya ba maƙwabcinsa. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ana sakin matanin ne tare da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya yi aiki da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu.

A 1983 wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Richard Stallman, ya sanar da shirin GNU domin gina cikakken tsarin kwamfuta da babu kulle a cikinsa. A 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ya shardanta cewa duk wanda ya gyara matani ya raba, to dole ne shi ma ya bar nasa gyaran a buɗe. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya saki ƙashin bayan tsarin da ake kira Linux. A yau bisa Linux aka gina Android, wanda ke cikin mafi yawan wayoyin da ake riƙe da su daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan. Ke nan mai sayar da goro a kasuwar birni, idan ya duba wayarsa ya ga kuɗin ciniki sun shigo, da buɗaɗɗiyar manhaja ya yi aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai abin da kowa ke mora ba kowa ke kula da shi ba. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka, wadda aka laƙaba wa suna Heartbleed, a manhajar OpenSSL da ke tsare sirrin bayanai a ɗimbin shafukan intanet na duniya. Da aka bincika sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke ɗawainiya da ita, gudummawar da suke samu kuwa ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A Disambar 2021 aka sake ganin irin haka a manhajar Log4j, wadda 'yan sa-kai ke kula da ita. Waɗannan al'amura ne suka sa gwamnatoci suka fara tambayar kansu ko akwai haƙƙin wannan gini a wuyansu.

Zamanin Alƙalami da Gafaka

Tun kafin jihadi Zariya ta yi suna da karatu, musamman fannin nahawu da lugga da fiƙihu, har ɗalibai suna baro garuruwa masu nisa su zo su zauna shekaru a zaurukanta. Bayan Malam Musa ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, gidajen malamai suka ƙara ƙarfi, birnin ya fitar da irin su Malam Shi'itu ɗan Abdurra'ufu da Malam Umaru Wali. A wannan zamani babu shagon sayar da littafi irin na yau. Ɗalibin da ya kai Risala ko Muhtasar sai ya ari na malaminsa ya kwafa da hannunsa, ko ya biya marubuci ya kwafa masa. A ƙarshen littafi marubucin kan sa sunansa da na wanda aka rubuta dominsa, ya roƙi mai karatu addu'a da gyaran abin da ya gani na kuskure.

Izinin bai tsaya ga kwafa ba, har gini a kan aikin wani ya halatta. Mafi bayyanar misali shi ne tahamisi, inda sha'iri zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa ɗango uku nasa, su zama biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a masallatan birni ta Alfazazi ce, amma da tahamisin Ibn Mahib aka san ta. Waƙar Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Ba a ɗauki ɗayansu ɓarawo ba, domin sunan na farko bai ɓace ba, na baya kuma ya faɗi abin da ya ƙara. Inganci kuma yana da mai tsaronsa, wato ijaza da salsalar malamai. Ba a karɓar karatun mutum sai an san a gaban wa ya durƙusa. Mai lura zai ga waɗannan ƙa'idoji, wato sakin matani, da ambaton mai asali, da bitar masana, su ne ginshiƙan buɗaɗɗiyar manhaja a yau.

To amma kuskure ne a ɗauka wannan tsari ya tafi ne ba tare da kuɗi ba. Takarda kanta kayan fatauci ce mai tsada. Yawancinta, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara bisa raƙuma. Marubuci yakan shafe watanni kan littafi guda, kuma sai ya ci zai rubuta. Abin da ya ɗauki nauyin wannan duka shi ne zakka da sadaka, da kyautar sarakuna da attajirai, da muƙaman alƙalanci da limanci, da gonakin da almajirai ke nomawa, da ɗinkin riga da hula da malamai da yawa suka riƙa a matsayin sana'a. Shugabannin daular ma sun ɗauki kula da masu aikin hannu wajibi ne a kan mai mulki, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna a Usulus Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Ilimin a buɗe yake, amma al'umma da fada suna biyan kuɗin buɗewar tasa.

Tsarin yana da rauninsa. Gara da gobara da yoyon ɗaki sun cinye littattafai masu yawa, rabon gado kuma ya wargaza wasu, warƙa nan warƙa can. Amma littafin da aka yawaita kwafarsa ya tsira, domin in ya ƙone a Zariya akwai shi a Kano ko Katsina. Abin da ya fi salwanta shi ne ilimin da aka mayar asiri, kamar laƙanin magani da mai shi ya hana kowa gani, ya tafi da shi kushewa. Wannan shi ne darasi na farko: abin da aka saki ya fi abin da aka ɓoye tsawon rai, muddin akwai mai ciyar da masu kula da shi.

Zamanin Gaskiya

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902, ba a jima ba kuma gwamnatin mulkin mallaka ta yanke shawarar da har yau muke cikin tasirinta: da boko za a rubuta Hausa a ofis da makaranta, ba da ajami ba. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun a 1912. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta dawo Zariya a farkon shekarun 1930, ta kuma zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. Gasar da hukumar ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga nan aka samu Magana Jari Ce, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a bayan ganuwa, wajen Tukur-Tukur, da kuɗin hukuma.

Babu mai musun cewa kasuwa ita kaɗai ba za ta yi wannan aiki ba. A 1933 masu karanta boko ba su kai yawan da ɗan kasuwa zai zuba jarinsa dominsu ba. Kuɗin hukuma ne suka samar da littattafan kafin a samu masu saye, littattafan kuma suka samar da masu karatu. Mafi ɗorewar abin da aka bari kuwa shi ne wanda ba a mallaka wa kowa ba. A cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a madadin ɗigo ko waƙafin da ake sa musu a da. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, suka ci gaba da daidaita ƙa'idojin. Yau marubucin Kano da na Maraɗi da ma'aikacin rediyo a Landan duk da su suke rubutu, babu mai biyan ko anini. Wannan shi ne darasi na biyu: idan hukuma ta biya kuɗin ma'auni ta sake shi ga kowa, amfaninsa yakan wuce ran hukumar kanta.

Sai dai labarin bai ƙare nan ba. A 1953 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar NORLA domin samar wa shirin Yaƙi da Jahilci abin karantawa. Cikin 'yan shekaru ta buga ƙananan littattafai masu yawa, na boko da na ajami, da jaridun larduna irin su Bazazzaga ta Zazzau, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato. A 1959 aka rufe ta saboda matsalar kuɗi. Haƙƙin littattafan ya bi hannun kamfani, daga Gaskiya zuwa Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 da haɗin gwiwar Macmillan. Waɗanda aka sa cikin manhajar makarantu an ci gaba da buga su. Da yawa daga sauran kuwa sun ɓace daga kasuwa, sai mai bincike ya je ɗakin adana littattafai zai gan su. An yi su da kuɗin jama'a, amma jama'a ba su da izinin sake buga su. A daidai wannan lokaci Imfiraji na Aliyu Namangi, sha'irin Zazzau, ya karaɗe ƙasar Hausa a bakin makafi da almajirai, kowa na ɗauka yana kai wa gaba. Darasi na uku ke nan: tallafin da ba a haɗa shi da sakin haƙƙi ba, ranar da aka janye shi aikin kan shiga kurkuku.

Akwai kuma na huɗu, wanda ya fi ɗaci. Hukumar da ta ɗaukaka boko ita ce ta ture ajami gefe, har aka wayi gari ana lissafa malamin da ya haddace Muhtasar cikin marasa ilimi saboda bai iya abacada ba. Jaridar Gaskiya kuma, duk da ƙoƙarin Abubakar Imam na buɗe shafukanta ga wasiƙun talakawa, ta gwamnati ce, an kuma kafa ta ne a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu domin a ji labari daga bakin hukuma. Mai ba da kuɗi yakan so ya zaɓi abin da za a faɗa, doka kuma tana iya kashe abu kamar yadda take iya raya shi.

Zamanin Kwamfuta

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Zariya ta sake zama cibiyar wani sabon nau'in adana ilimi. Shirin Binciken Tarihin Arewa da ke jami'ar ya bi gidajen malamai yana ɗaukar hoton rubuce-rubucen gafaka, ya tserar da su daga gara. Daga baya kwamfuta ta shigo, tsofaffin tambayoyin kuma suka biyo ta.

A shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da rancen Bankin Duniya, ta raba wa ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya wata kullalliyar manhaja mai suna TINLIB domin tsara kundin littattafansu. Ba a daɗe ba yawancinsu suka yi watsi da ita, domin kuɗin sabuntawa da na gyara sun fi ƙarfinsu, ma'aikatansu kuma ba su da ikon buɗe cikinta. A ƙarshen wannan ƙarnin ne wata ƙaramar hukumar ɗakunan karatu ta jama'a a ƙasar Niyu Zilan ta biya aka rubuta mata manhaja mai irin wannan aiki, ta kuma saki matanin a 2000 da sunan Koha, wato kyauta a harshen Maori. Yau ɗakunan karatu da dama a jami'o'in Nijeriya da ita suke aiki. Rumbun Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibi ke sauke kundayen digiri ba tare da ya biya ba, a kan DSpace aka gina shi, wata buɗaɗɗiyar manhaja da ta fito daga Amurka a 2002. Duka biyu kuɗin jama'a aka kashe, a Nijeriya da Niyu Zilan. Bambancin shi ne mu haya muka biya, su kuwa rijiya suka haƙa, ga mu har muna sha daga cikinta.

A fannin lafiya ma haka abin yake. Alƙaluman da asibitocin gwamnati ke aikawa sama, na rigakafi da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro, suna shiga ne ta DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita. SORMAS kuwa, manhajar bin sawun annoba, a nan Nijeriya aka haife ta bayan ɓullar Ebola a 2014, da haɗin gwiwar masana na gida da na Jamus. Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta yi aiki da ita a lokacin korona, wasu ƙasashe kuma suka ɗauka. Amma kaso mai yawa na kuɗin da ke riƙe da waɗannan manhajoji daga masu ba da agaji na waje yake fitowa. Wanda ya san yadda NORLA ta ƙare ba zai kwanta da ido biyu rufe a kan haka ba.

Ajamin da doka ta ture kuwa, buɗaɗɗen lasisi ne ya ba shi gurbi a kwamfuta. Salon haruffa na Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, da na Harmattan, ƙungiyar SIL ce ta sake su kyauta ga kowa. Babban kamfani ba zai ga riba a irin wannan aiki ba, kamar yadda ɗan kasuwar 1933 bai ga riba a Ganɗoki ba.

Hujjojin Masu Suka

Adalci ne a saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin suna da abin faɗa. Na farko sukan kawo birnin Munik na Jamus, wanda majalisarsa ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, aka sauya kimanin kwamfuta 15,000, sannan a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Gaskiya ne sauyi yana da wuya, kuma horar da ma'aikata yana cin kuɗi. Afirka ta Kudu ma ta amince da manufar fifita buɗaɗɗiyar manhaja tun 2007, amma aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Abin da waɗannan ke nunawa shi ne umarni a takarda ba ya isa idan babu ƙwararru da kuɗin kulawa, kuma shawarar da ta rataya ga jam'iyya mai ci takan faɗi tare da ita.

Na biyu sukan ce duk asusun da aka buɗe a ƙasar nan kura aka ba ajiyar nama. Wannan tsoro yana da tushe. Amma a nan buɗaɗɗiyar manhaja ta fi kullalliya sauƙin bincike, domin aikin a fili yake. Idan an ce an biya miliyan kaza don rubuta manhaja, malamin jami'a ko ɗan jarida yana iya buɗe matanin ya ga abin da aka yi da wanda ba a yi ba. Kwangilar da ke ɓoye ita ce mafakar ɓarawo.

Na uku sukan ce za a kashe kasuwar matasa masu rubuta manhaja. Tarihin gafaka ya amsa wannan. Marubucin da ke kwafar Risala bai mallaki Risala ba, amma ya ci abinci da ƙwarewarsa. Haka matashin Samaru ko Tudun Wada zai iya cin abinci da girkawa da gyarawa da koyarwa, ayyukan da ba zai taɓa samu ba idan matanin yana kulle a wata ƙasa, kuɗin lasisi kuma ana biyan su da dala.

Abin da Ya Kamata Doka Ta Ƙunsa

Wasu ƙasashe sun riga sun share hanya. Jamus ta kafa asusu na musamman a 2022 domin biyan masu kula da muhimman buɗaɗɗun manhajoji. Dokar Suwizalan da ta fara aiki a 2024 ta wajabta wa hukumomin tarayya sakin matanin manhajar da aka rubuta musu, sai inda tsaro ko haƙƙin wani ya hana. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana koyar da 'yan makarantun gwamnati da Linux. Mu ma ba daga tushe za mu fara ba, domin dokar Hukumar NITDA ta 2007 ta tanadi asusun bunƙasa fasaha da ake tarawa daga ribar manyan kamfanoni, ga kuma asusun TETFund na manyan makarantu.

Bisa darussan Zariya, abubuwa huɗu nake ganin sun wajaba. Na farko, duk manhajar da aka rubuta da kuɗin gwamnati a miƙa mataninta, a kuma sake shi ga jama'a, ban da abin da ya shafi tsaro ko sirrin mutane, domin kada a maimaita makomar littattafan NORLA. Na biyu, a adana takardun hukuma cikin siffofin da kowace manhaja ke iya buɗewa, a kuma shardanta cewa duk manhajar da gwamnati za ta saya ta iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ajami daidai, domin har yau akwai Ɗanladi da Ƙasimu da sunansu ke fita a gurguje a takardun hukuma. Na uku, a ware kaso daga asusun da ake da su domin kulawa da gyara na shekaru masu yawa, a ba jami'o'i da ƙananan kamfanoni ta hanyar gasa a fili, domin mun fi iya bikin buɗe sabon abu fiye da riƙon tsoho. Na huɗu, kada doka ta haramta kullalliyar manhaja, kada kuma mai ba da kuɗi ya zama mai tace abin da za a rubuta. Abin da ya sami ajami ya ishe mu gargaɗi.

Kammalawa

Ganuwar Zazzau, wadda baka ke dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta tsare mai kuɗi da matalauci, malami da majemi, babu wanda aka karɓi kuɗin shiga inuwarta. Amma ba da kanta ta tsaya ɗaruruwan shekaru ba. A biranen Hausa, idan damina ta wuce, sarki kan yi umarni a fito gayya, kowane ɓangare na jama'a da yankin da zai yaɓe. Da umarnin ya ɗauke bayan zuwan Turawa, ruwan sama ya ci rabonsa, masu gini suka ɗebi nasu, har ta zama tsibin ƙasa nan da can tsakanin ƙofofi. Babu wanda ya yi niyyar rushe ta, kowa dai ya ɗauka gyaranta aikin wani ne.

Manhajojin da asibitocinmu da jami'o'inmu da wayoyinmu suka jingina da su yau suna cikin irin wannan hali. Muna mora, wasu na yaɓe, mafi yawansu kuma a wasu ƙasashe suke. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gayya ma sai da mai kira. Kiran nan aikin hukuma ne, da dokarta da baitulmalinta. Idan ta yi shi bisa sharaɗin cewa abin da aka gina da kuɗin jama'a na jama'a ne, to yaron da ke karatun allo yau a Limancin Kona zai girma ya tarar an bar masa tazara tsakanin layuka, inda shi ma zai sa nasa gyaran.